Koyon Turanci ta Hanyar Aiki a Jami'a da Shirin Neman Aiki: Tambayoyi da Amsoshi

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗalibai Hausawa masu karatu a manyan makarantun Legas suke yawan maimaitawa, tare da wasu da suka fito daga bakin iyaye da sababbin malamai. Galibin masu tambayar sun taso ne a Agege, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago ko kewayen kasuwar Mile 12, kuma damuwarsu guda ce: sun ci jarrabawar Turanci, amma ba su da tabbacin Turancin zai ɗauke su a ranar da suka shiga ofis.

1. Me ake nufi da koyar da Turanci ta hanyar aiki?

Hanya ce da malami yake ɗora wa ɗalibai wani aiki irin wanda mutane suke yi a rayuwa ta zahiri, wanda ba zai kammalu ba sai an yi magana ko rubutu da Turanci, sannan a ƙarshe a duba ko aikin ya yiwu. Ana iya ce wa rukunin ɗalibai biyar su tsara ziyarar aji daga Akoka, inda Jami'ar Legas take, zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, su fitar da kasafin kuɗin mota da lokacin tashi, su kuma rubuta wasiƙar neman izinin shiga. Idan wasiƙar ta fito ba ta faɗi ranar ziyara ba, ko ba ta ambaci adadin masu zuwa ba, to aikin bai yiwu ba, ko da kuwa babu kuskuren nahawu ko guda a cikinta.

Masana wannan fanni, irin su Rod Ellis, sun ce kafin a kira abu aiki a wannan ma'ana sai ya cika sharuɗɗa huɗu. Dole hankalin ɗalibi ya kasance a kan saƙon da yake son isarwa. Dole a sami wani giɓi da ake buƙatar cikewa, kamar labarin da wani ya sani wani bai sani ba. Dole ɗalibi ya yi amfani da Turancin da ke kansa maimakon maimaita jimlolin da aka rubuta masa. Kuma dole a sami sakamakon da za a iya nunawa, kamar jadawali ko wasiƙa ko shawarar da aka yanke.

2. Ina bambancinsa da atisayen da muka saba yi tun daga sakandare?

Atisayen cike gurbi da zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu, irin wanda ɗalibi ya sha yi domin WAEC da JAMB, yana auna ko mutum zai gane jimlar da ta yi daidai idan an ajiye masa ita a gabansa. Wannan sani ne mai amfani, kuma babu mai raina shi. Sai dai a wurin aiki ba a ajiye wa kowa amsoshi huɗu ya zaɓa. Shugaba zai leƙo ne ya ce a rubuta wa mai kawo kaya cewa kayan da ya aiko ba su cika ba, a kuma yi shi ta yadda ba za a ɓata hulɗar ciniki ba, daga nan ya juya ya tafi. Wanda bai taɓa haɗa irin wannan saƙo da kansa ba zai daɗe yana kallon allon kwamfuta, ko da takardarsa ta nuna ya ci Turanci da babban maki.

3. Daga ina wannan hanya ta samo asali?

An fi danganta farkonta da wani malami ɗan Indiya, N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci wani gwaji a makarantun kudancin Indiya, musamman Bangalore, daga 1979 zuwa 1984. Ya riƙa ba yara taswira da jadawalin jirgin ƙasa su fitar da amsoshi daga ciki, bisa fahimtar cewa harshe ya fi zama a kai idan hankali yana kan warware wata matsala. Shi ne ya karkasa ayyukan gida uku: wanda ake miƙa labari daga wanda ya sani zuwa wanda bai sani ba, da wanda ake amfani da tunani a fitar da sabon abu daga bayanin da aka bayar, da wanda kowa yake faɗin ra'ayinsa ya kare shi.

Daga baya Jane Willis, a 1996, ta fitar da tsarin darasi mai matakai uku wanda malamai da yawa suke bi har yau, kuma shi aka kwatanta a tambaya ta 5. Michael Long kuwa ya dage ne a kan cewa kafin a tsara kowane aiki sai an binciki ainihin abin da ɗaliban za su yi da harshen bayan sun gama karatu. Wannan ra'ayi na Long shi ne ya fi kusa da batun shirin neman aiki, domin yana tilasta wa malamin Turanci ya tambayi akanta da injiniya da ma'aikaciyar jinya irin rubutun da suke yi a kullum. Yana da kyau a lura cewa Indiya ta yi kama da Najeriya ta wannan fuska: azuzuwa cike da yara, harsunan gida barjat, Turanci kuma shi ne harshen makaranta da ofis.

4. Mece ce ƙwarewar da ake cewa mutum zai tafi da ita kowane irin aiki?

Ana iya kiranta ƙwarewar tafi-da-gidanka, domin ba ta maƙale da sana'a guda. Wanda ya iya sauraron bayani mai tsawo ya taƙaita shi a layi biyar, ya iya raba aiki tsakanin mutane ya bi sawu har a gama, ya iya kammala abu kafin wa'adi ya cika, ya iya saɓa wa na gaba da shi ba tare da rashin ladabi ba, ya kuma iya tsayawa gaban mutane ya yi bayanin lissafi, zai yi amfani da waɗannan ko a banki a Marina yake, ko a kamfanin fiton kaya a Apapa, ko a shagon gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja. Ilimin fanni yana tsufa, manhajojin kwamfuta suna canjawa, amma waɗannan suna bin mutum duk inda ya koma.

Dalilin da ya sa ajin Turanci ya dace da gina su shi ne, kusan dukkansu da harshe ake aiwatar da su. Ba a yin sulhu ko shawara ko rahoto da baki a rufe. Amma a nan akwai abin da ake yawan tsallakewa: ƙwarewar ba ta ƙaura daga aji zuwa ofis da kanta. Ɗalibin da ya shugabanci rukuni sau uku bai san cewa shugabanci ya koya ba, sai malami ya tsaya ya nuna masa, ya sa shi ya rubuta abin da ya yi da abin da ya gagare shi. Aikin da aka gama aka watse ba tare da wannan waiwaye ba ya kan zama nishaɗin aji kawai. Yadda ake mayar da waiwayen ya zama hujja a gaban mai ɗaukar aiki yana tambaya ta 12.

5. Yaya darasi guda yake gudana daga farko zuwa ƙarshe?

A ɗauki misali daga abin da ɗalibin Legas ya sani. Tumatirin da ake saukewa a Mile 12 ya kan yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Kano, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin saukar kaya da asuba ya ga yadda na ƙasan kwando yake fitowa a dagule, ruwansa yana tsiyaya ta cikin saƙar. Malami zai iya cewa kowane rukuni ya ɗauki kansa a matsayin ma'aikatan sashen sayayya na wani otal, waɗanda aka nemi su ba da shawara a shafi guda: shin otal ɗin ya ci gaba da sayen tumatir a kwando, ko ya koma sayen wanda aka zuba a akwatunan roba?

A matakin farko, wato share fage, malami yana gabatar da batun, ya nuna samfurin takardar shawara ta ofis, ɗalibai kuma su tattaro kalmomin da za su buƙata. A mataki na biyu rukunin yana yin aikin kansa. Wanda yake jin Hausa zai je ya tambayi dillalai farashi da yawan asara da kuɗin dako, wata ta yi lissafin, wani ya rubuta daftari, sannan su zauna su shirya yadda za su gabatar da shawararsu ga aji cikin minti biyar. Malami a wannan lokaci zagayawa yake yi yana saurare, yana rubuta kurakuran da ya ji a takardarsa, ba ya katse kowa. A mataki na uku ne ake komawa kan harshe: a fito da jimlolin da suka karkace a gyara su tare, a koyi yadda ake kwatanta abu biyu da yadda ake ba da shawara cikin ladabi.

Abin lura shi ne ɗalibin da ya saba zama a kujerar baya saboda yana jin Turancinsa bai kai ba, a wannan aiki shi ne mai riƙe da labarin da sauran ba su da shi, domin shi dillali zai buɗe wa ciki. Dole ya juya abin da ya ji daga Hausa zuwa Turanci domin abokansa su fahimta, kuma wannan juyawar aiki ne da ake biyan mutane albashi a kansa.

6. Shin hakan yana nufin an watsar da nahawu?

A'a, wurinsa aka canja. Maimakon a fara da ƙa'ida sannan a nemi inda za a yi amfani da ita, ana barin ɗalibi ya ci karo da buƙatar ƙa'idar tukuna, domin wanda ya yi ta laluben yadda zai faɗi abu ya kasa, ya fi riƙe amsar idan ta zo. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ba a yarda a bar nahawu gaba ɗaya ba. Binciken da Merrill Swain ta yi a Kanada, a kan yaran da aka koyar da su darussa da Faransanci tsawon shekaru, ya nuna cewa suna fahimta sosai kuma bakinsu yana gudu, amma wasu kurakuran nahawu sun zauna musu daram. Saboda haka malamin da yake tsallake mataki na uku da aka bayyana a tambaya ta 5 yana yaye ɗalibai masu zuba ne, waɗanda rubutunsu zai kunyata su.

7. Ajinmu na Turanci na shekarar farko ya kai ɗaruruwan ɗalibai. Ta yaya hakan zai yiwu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi kamar tana da sauƙi. Darasin Turanci na bai-ɗaya, wanda a manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ake kira GST 111, wajibi ne a kan kowane sabon ɗalibi, don haka ɗakin lacca ya kan cika har wasu su tsaya a bakin taga. Malami guda ba zai iya karanta takarda 600 duk mako ba. Abin da yake iyawa shi ne ya raba ajin rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowane rukuni ya miƙa takarda guda, sai 600 ta koma 100 ko 120. Ana kuma iya sa rukunoni su yi musayar takardu su duba wa juna bisa ma'aunin da malami ya rubuta a allo, shi kuma ya zaɓi kaɗan ya yi sharhi a kansu a gaban kowa.

Ta fuskar doka ma akwai sarari. Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wadda ake kira CCMAS, ta tanadi kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ko a cikin kashi 70 ɗin, manhaja tana faɗin abin da ɗalibi zai iya ne, hanyar da za a bi a kai shi can tana hannun malami. Batun haɗuwa kuwa, ɗalibin da yake tasowa daga Agege zuwa jami'a a Ojo ko Akoka a cikin cunkoson Legas ba zai iya zaman rukuni kullum ba, shi ya sa yawancin shirin ya kan koma WhatsApp, kuma wannan ma horo ne, tunda a yau ofisoshi da yawa ta nan suke raba aiki.

8. Na taso da Hausa a gida, Turancin Buroka a titi, Yarbanci a kasuwa. Wannan ba zai hana ni iya Turancin ofis ba?

Ba zai hana ba. Wanda ya saba sauya harshe gwargwadon wanda yake gabansa ya riga ya mallaki rabin abin da ake son koya masa, wato sanin cewa kowane zama da irin maganarsa. Abin da ya rage shi ne ya ƙara salo guda a kan waɗanda yake da su, ya kuma san iyakar kowanne. Buroka tana da amfani a wurin lodin kaya da cikin motar haya ta danfo, amma ba ta shiga rahoto. Amfani da Hausa ko Buroka a lokacin da rukuni yake tattauna yadda zai tunkari aiki ba laifi ba ne, muddin abin da za a gabatar da abin da za a rubuta da Turanci ne.

Akwai wuraren da Bahaushe ya fi yin tuntuɓe, kuma gara a faɗe su a fili. A furuci, haruffan p da f sukan cakuɗe, haka b da v, domin Hausa ba ta bambanta su yadda Turanci yake yi, kuma hakan yana iya canja ma'anar kalma a waya. A rubutu kuwa, tarbiyyarmu ta wasiƙa ce take biyo mu. Mun saba buɗewa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri da tambayar iyali, sannan buƙata ta zo daga baya a hankali. Imel na ofis a Legas akasin haka yake so: gaisuwa ta layi guda, buƙata a jimla ta farko ko ta biyu, ranar da ake son amsa a bayyane. Mai karantawa yana iya samun saƙo hamsin suna jiransa, kuma idan bai ga dalilin saƙon da wuri ba zai wuce shi. Aikin aji da ya ƙunshi rubuta imel ga wanda ba a sani ba yana gyara wannan cikin makonni kaɗan.

9. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici. Ba za a ce mun yi fitsara ba idan muka riƙa ja da malami ko shugaba?

Kawaici ɗabi'a ce mai daraja, kuma a wurin aiki mutumin da ba ya katse na gaba da shi, ba ya ɗaga murya, yana da farin jini. Matsalar tana zuwa ne idan an fassara shirun da wata ma'ana. A ganawar ɗaukar aiki, sunkuyar da kai da amsa a taƙaice, waɗanda a gida alamar ladabi ne, mai tambaya yana iya ɗaukarsu rashin sani ko rashin tabbaci. Haka kuma ma'aikacin da ya ga kuskure a lissafi ya yi shiru don kada ya kunyata shugabansa, shi za a fara tuhuma ranar da asara ta bayyana.

Ajin da ake koyarwa ta hanyar aiki wuri ne da ake gwada wannan ba tare da an rasa komai ba. Ana koyon lafuzzan Turanci na saɓawa cikin girmamawa, waɗanda suke daidai da namu na cewa "ranka ya daɗe, ina da 'yar magana" ko "a gafarce ni, malam, ina ganin akwai gyara a nan". Ga ɗalibai mata da suke jin nauyin magana a gaban maza, tsarin da ya fi aiki shi ne a fara da magana tsakanin mutum biyu, a koma rukuni, sannan a fito gaban aji, a kuma riƙa juya muƙamin mai gabatarwa domin kada ya zauna a hannun mutum guda.

10. A kowane rukuni akwai 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Me ya sa zan yi wahala wani ya sami maki a banza?

Ƙorafin gaskiya ne, kuma laifin tsarin aikin ne fiye da na ɗaliban. Idan an raba bayanai ta yadda kowane ɗan rukuni yana riƙe da ɓangaren da babu shi a hannun sauran, babu wanda zai iya kwanciya, domin rashinsa zai bar rami a takardar. Malamai masu lura sukan raba makin gida biyu, na rukuni da na mutum, su kuma zaɓi wanda zai amsa tambaya a ranar gabatarwa ba tare da sanarwa ba. Ana iya buƙatar kowane rukuni ya miƙa taƙaitaccen bayanin zamansa, mai nuna wanda ya halarta da abin da aka ɗora wa kowa. Duk da haka, tunkarar abokin aikin da ba ya taɓuka komai, a yi masa magana ba tare da faɗa ba, a kai ƙara idan ta kama, abu ne da ma'aikaci zai yi ta fama da shi har ya yi ritaya.

11. Yaya ake ba da maki, kuma shin hanyar za ta rage mini sakamakon jarrabawa?

A jami'o'i da yawa na Najeriya ayyukan cikin zango suna ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, sauran kuma na jarrabawar ƙarshe ne, kuma a cikin wannan kaso na farko ne ayyukan suke samun gurbi. Ma'auni mai kyau yana fara tambayar ko aikin ya biya buƙata, sannan tsari da dacewar salo da mai karatu, sannan ingancin nahawu da kalmomi. Haƙƙin ɗalibi ne ya ga ma'aunin kafin ya fara aiki. Inda jarrabawar ƙarshe ta kasance ta zaɓen amsa a kwamfuta, dole ɗalibi ya ware lokacin bitar irin waɗannan tambayoyi daban, domin salon jarrabawa shi ma abu ne da ake sabawa da shi. Nahawun da aka gyara a mataki na uku, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 6, shi ne dai yake fitowa a can.

12. Ta yaya zan nuna wa mai ɗaukar aiki cewa na sami wannan ƙwarewa?

Kusan kowace takardar neman aiki tana cewa mai ita ya iya magana da mutane kuma ya iya aiki cikin rukuni, har ta kai masu karantawa ba sa tsayawa a kan waɗannan kalmomi. Abin da yake tsayar da su shi ne labari mai ƙashi. Ɗalibin da zai iya cewa ya jagoranci mutum biyar, sun tambayi dillalai a Mile 12, sun kwatanta hanyoyi biyu na ɗauko tumatir, sun kuma miƙa shawara a shafi guda cikin mako biyu, ya ba da hujja. Don haka ya kamata tun daga shekarar farko ya buɗe jaka guda a waya ko kwamfuta, ya riƙa ajiye daftarin farko da na ƙarshe na kowane aiki, da gyaran malami, da 'yan layuka a kan rawar da ya taka. A ganawa, idan aka ce ya ba da labarin lokacin da ya sami saɓani da abokin aiki, yana da abin faɗa: halin da aka shiga, abin da aka ɗora masa, matakin da ya ɗauka, da yadda aka ƙare.

Wurin gwaji na farko ya kan zo tun kafin a kammala digiri. Shirin sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ya fara a 1973, yana tura ɗaliban fannonin kimiyya da fasaha da makamantansu zuwa masana'antu, yawanci na wata shida ga 'yan jami'a, inda suke cike littafin aikin yau da kullum su kuma rubuta rahoto a ƙarshe. Bayan shi sai shekarar hidimar ƙasa ta NYSC, wadda ita ma aka kafa a 1973. A wuraren nan biyu akan gane mai iya rubuta bayanin taro tun a makon farko, kuma shi ake yawan jawowa kusa.

13. Shin hanyar ba ta da nata aibin?

Tana da shi. Michael Swan, a 2005, ya soki masu ɗaukarta a matsayin maganin komai, yana mai cewa inda lokacin darasi ya yi kaɗan kuma ɗalibi ba ya jin harshen a waje, koyar da ƙa'idoji a tsare ya fi saurin kai shi ga sabon abu. Wannan suka ba ta kama ɗalibin Legas sosai ba, tunda Turanci yana kewaye da shi a rediyo da allunan talla da laccocin sauran darussa, amma ta kama wanda ya zo jami'a da tushe mai rauni, wanda yake buƙatar ƙarin darasin nahawu kai-tsaye kafin ya amfana. Hanyar tana kuma cin lokacin malami wajen shiri, kuma aikin da aka tsara shi da gaggawa ya kan zama hira. Sannan ba ta ƙirƙiro guraben aiki. Abin da take iyawa shi ne ta sa wanda aka kira ganawa ya yi amfani da damar.

14. Tunda manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wasiƙa cikin daƙiƙa, me ya rage a koya?

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 wannan tambaya take yawo a tsakanin ɗalibai. Manhajar tana iya tsara jimloli masu santsi, amma ba ta je Mile 12 ta ji abin da dillali ya faɗa ba, ba ta san halin shugaban da za a aika wa takardar ba, kuma ba za ta tsaya a gaban kwamiti ta amsa tambayar da ba a zata ba. Tana kuma iya kawo bayanin ƙarya da cikakken tabbaci, wanda sai mai sanin batun ne zai kama shi. Wasu malamai sukan mayar da ita cikin aikin: rukuni ya rubuta nasa daftarin, ya nemi na manhaja, sannan ya bayyana a gaban aji abin da ya karɓa da abin da ya ƙi da dalilinsa. Miƙa rubutun manhaja da sunan na kai kuwa satar amsa ce, kuma kowane ɗalibi ya nemi sanin dokar makarantarsa a kan haka.

15. Malaminmu lacca kawai yake yi. Me zan iya yi da kaina?

Mutum uku ko huɗu sun isa su kafa nasu zaman, sau ɗaya a mako, na awa guda. Su zaɓi aiki na gaske daga unguwarsu: rubuta wa ofishin wutar lantarki ƙorafi a kan takardar kuɗin da ta wuce kima, tsara kasafin walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar unguwa da Turanci domin masu tallafi, rubuta bayanin taron ƙungiyar ɗalibai, ko taimaka wa wani kawu mai sayar da dabbobi a Alaba Rago ya rubuta takardar farashi ga mai sayen da ba ya jin Hausa. Su bi matakai ukun da ke tambaya ta 5, su ɗauki muryarsu a waya lokacin gabatarwa, su saurara tare su fitar da kurakurai uku kacal da za a gyara kafin zama na gaba, domin wanda aka jibga wa gyara ashirin ba ya riƙe ko ɗaya.

Bayan mako biyu su sake yin aikin nan dai, da sabon mai sauraro ko da wa'adi mafi gajarta. Masu bincike a fannin sun lura cewa maimaita aiki guda yana sa magana ta ƙara gudu da tsari, saboda a karo na biyu hankali ya huta da neman abin da za a faɗa, ya koma kan yadda za a faɗe shi. Idan takardar ta yi kyau, sai a kai wa malamin a lokacin ganin ɗalibai a ofishinsa, a roƙe shi ya duba shafi guda.